Yadda Ake Haɗa Damin Kati Mai Ƙarfi Domin Shiga Gasa

Wasan katin da ake tarawa ya sha bamban da kartar da kowa ya sani a wuri guda muhimmi. A karta, tari ɗaya ake ajiyewa a tsakiya a raba wa kowa, amma a nan kowane ɗan wasa da nasa tarin yake zuwa, wanda ya zauna ya tsinto da kansa daga cikin dubban katuna tun kafin ranar karawa. Wannan tarin shi za mu riƙa kira dami. Masanin lissafi Richard Garfield ne ya ƙirƙiro salon da wasansa na Magic: The Gathering, wanda kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 1993, kuma da shi za a yi misali a nan daga farko har ƙarshe. Mai wasan Pokémon ko Yu-Gi-Oh! ko Hearthstone zai iya ɗaukar yawancin tunanin, ya daidaita shi da dokokin wasansa.

A taƙaice, kowane ɗan wasa yana farawa da makin rai 20 da kati 7 a hannu, yana ɗaukar kati ɗaya a kowane zagaye, kuma yana da damar ajiye katin fili ɗaya tak a zagayensa. Filayen su ne ke samar da makamashin da ake biyan kuɗin sauran katuna da shi, wato halittu masu yaƙi da katunan sihiri. Wanda makin ransa ya ƙare ya sha kaye. Duk abin da za a faɗa a ƙasa ya rataya ne a kan waɗannan ƙa'idoji, musamman ta fili ɗaya a zagaye, domin ita ce take sa kati mai tsada ya yi jira.

Mataki na farko: sanin rukunin da za a shiga

Kafin ka taɓa kati ko ɗaya, ka tabbatar da rukunin gasar, domin kowane rukuni da katunan da ya halatta. Standard yana karɓar katunan ƴan shekarun baya-bayan nan ne kawai, kuma tsofaffi suna fita a kai a kai. Modern yana karɓar katuna tun daga na 2003, Pauper kuma katunan gama-gari kaɗai yake yarda da su, shi ya sa ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. A dukkansu dami ba ya gaza kati 60, ba a sa kati ɗaya fiye da kwafi 4 in ban da filayen asali, wato filaye na yau da kullum masu ba da makamashi iri ɗaya, kuma ana iya riƙe wasu katuna har 15 a gefe, waɗanda za mu kira katunan ko-ta-kwana. A Yu-Gi-Oh! dami yana tsakanin 40 da 60 da kwafi 3, a Hearthstone kuma yawanci 30 ne da kwafi 2.

Sai kuma jerin katunan da aka haramta, wanda yake sauyawa. Katin Oko, Thief of Crowns ya fito a Oktoban 2019, aka haramta shi a Standard a watan Nuwamba na shekarar, saboda ya mamaye fage. Wanda ya gina daminsa kacokan a kansa ya wayi gari da aiki sabo. Saboda haka ka duba jerin a ranar da za ka fara, ka sake dubawa ana gobe gasa.

Mataki na biyu: faɗi yadda za ka ci wasa cikin jimla ɗaya

Nan ne yawancin sababbin ƴan wasa suke ɓata hanya. Sai mutum ya baje katunansa, ya tsinci waɗanda suka fi burge shi, dodo mai fuka-fuki a nan, mayen da ke juya wasa a can, ya tara 60 ya ce ya haɗa dami. Irin wannan tari yakan ci wasa ɗaya ya faɗi uku, domin katunan ba alƙibla ɗaya suke kallo ba. Abin da ya kamata shi ne ka iya faɗin dabararka cikin jimla guda, misali: zan sauke ƙananan halittu daga zagayen farko, in rage masa rai, in ƙarasa shi da sihirin wuta kafin zagaye na biyar. Duk katin da bai taimaki wannan jimlar ba, komai kyansa, ba shi da kujera a damin.

Dabarun da aka sani huɗu ne. Akwai damin farmaki, mai neman gama wasa kafin abokin karawa ya kintsa. Akwai damin kange hanya, mai kashe duk abin da aka sauke, ya tara kati, sai an gaji sannan ya fito da babban makami guda ya rufe wasa. Akwai na tsaka-tsaki, mai katuna masu inganci ɗaya-ɗaya, wanda yake tsare gida idan ya gamu da mai farmaki, ya kai hari idan ya gamu da mai kange hanya. Na huɗu shi ne damin haɗi, wanda yake neman katuna biyu ko uku da in suka haɗu wasa ya ƙare nan take. A ganina wanda zai shiga gasa karo na farko ya fi dacewa ya ɗauki farmaki, saboda damin kange hanya yana buƙatar sanin katunan kowa da kowa, kuma kowace karawa a gasa minti 50 ce kacal, mai jinkirin tunani sai ya tashi da canjaras.

Bari mu riƙe misali guda. Katin Lightning Bolt makamashi ɗaya ake biya, ya yi ɓarnar maki 3. Abokin karawa yana da 20, ke nan irin wannan kati guda 7 sun isa su kashe shi. Da wannan lissafin aka gina jan damin ƙona-ƙurmus na rukunin Modern (ja ɗaya ne daga launukan katunan wasan): ana tara duk katin da yake yin ɓarnar 3 a farashi mai rahusa, irin su Lava Spike da Rift Bolt, a haɗa da halittu masu kai hari a zagayen da aka sauke su, irin su Goblin Guide. Kowane kati ana auna shi da tambaya ɗaya, wato maki nawa zai ci daga cikin 20 ɗin nan.

Ba abin kunya ba ne ka fara da damin da wani ya ci gasa da shi. Ana wallafa jerin katunan zakaru a intanet, kuma manyan ƴan wasa ma daga nan suke tashi. Kuskuren shi ne kwafa ba tare da fahimtar dalilin kowane kati ba, domin ranar da fage ya sauya ba za ka san abin da za ka cire ba.

Mataki na uku: tsaya a kan 60, ka cika kwafi

Doka ta ce mafi ƙaranci 60, ba ta hana ƙari ba, amma kada ka ƙara. Dalilin lissafi ne tsagwaronsa. Idan kana da kwafi 4 na wani kati a dami mai 60, yiwuwar ka ga aƙalla ɗaya a cikin katuna 7 na farko kusan kashi 40 cikin 100 ce. Da kwafi 3 ta sauka zuwa kusan 32, da 2 zuwa 22, da kwafi ɗaya kuma ba ta kai 12 ba. Idan ka kumbura damin ya kai 70, kwafi 4 ɗin nan sun koma kashi 35. Kati na 61 kullum shi ne mafi rauni a cikin zaɓinka, kuma duk lokacin da ya zo hannunka, wurin wanda ya fi shi ya tare.

Daga nan ƙa'idar rabon kwafi take fitowa. Katin da kake so a hannunka tun farko a kowane wasa, kuma ba ka damu ba in ka ga biyu, ka sa 4. Wanda kake so ka gani sau ɗaya a wasa, amma biyu za su yi maka nauyi, ka sa 3 ko 2. Kwafi ɗaya na katin da ake buƙata ne a ƙarshen dogon wasa, ko wanda kake da wani katin da zai nemo maka shi. Idan kuma wani aiki shi ne ƙashin bayan dabararka, kwafi 4 ba su isa ba, sai ka nemi kati na biyu mai aiki iri ɗaya. Da kwafi 8 yiwuwar gani a hannun farko takan haura kashi 65, shi ya sa jan damin da muka ambata yake tara katuna masu suna daban-daban da aiki guda.

Mataki na huɗu: jera katuna bisa tsadarsu

Ka shimfiɗa katunan da ba filaye ba a kan tebur, masu makamashi ɗaya a layi guda, masu biyu a na gaba, har zuwa mafi tsada. Siffar da za ka gani ita ce za ta gaya maka ko damin zai yi motsi da wuri ko zai zauna yana kallo. Tunanin ya samo asali ne a 1996, lokacin da Paul Sligh ya yi fice a wata gasa a Atlanta da jan damin da Jay Schneider ya tsara. Katunan damin ɗaya-ɗaya ba wasu na a zo a gani ba ne, har ana yi musu dariya, amma an jera su yadda mai shi zai kashe dukkan makamashinsa a kowane zagaye, alhali abokan karawarsa suna riƙe da manyan katuna suna jiran fili na biyar.

Makamashin da ba a kashe ba a zagaye ya tafi ke nan, ba a ajiye shi. Saboda haka damin farmaki yakan cika layin ɗaya da na biyu, ya sa kaɗan a na uku, ya tsaya a na huɗu. Na tsaka-tsaki yakan yi tudu a layin biyu da uku, ya gangara zuwa biyar. Mai kange hanya ma, duk da manyan katunansa, dole ya tanadi masu rahusa da zai kare kansa da su a zagayen farko, in ba haka ba za a binne shi da Wrath of God a hannu, katin da yake share dukkan halittu amma sai an biya huɗu. Idan ka ga layin biyar da shida sun fi kati shida ko bakwai a dami irin na yau da kullum, to akwai gyara.

Mataki na biyar: filaye, inda ake yawan yin rowa

Babu wanda katin fili yake burge shi, shi ya sa idan wuri ya ƙure shi ake fara cirewa, kuma shi ne kuskuren da ya fi kowanne tsada. Ma'aunin da aka saba shi ne fili 24 a dami mai 60, wato kashi 40 cikin 100, kamar yadda ake sa 17 a dami mai 40 na gasar da ake haɗa dami nan take. Damin farmaki mai rahusa yakan sauka zuwa 20 ko 22, mai kange hanya kuma yakan hau 26 ko 27, domin shi ba ya son ya tsallake ajiye fili ko sau ɗaya. Ga abin da ragin yake jawowa: da fili 24, yiwuwar hannun farko ya zo da fili ɗaya ko babu kusan kashi 14 ce, da fili 20 kuwa ta kai kusan 25. Wato duk hannu huɗu, ɗaya zai zo a gurgunce. Damin da yawancin katunansa makamashi ɗaya ne zai iya jure wannan, wanda yake da katuna masu huɗu da biyar ba zai iya ba.

Bayan yawa sai launi. Wasan yana da launi biyar, fari da shuɗi da baƙi da ja da kore, kuma kowane kati yana neman makamashin launinsa. Launi ɗaya ba ya ba da matsala, sai dai yana taƙaita zaɓi. Launi biyu shi ne daidai ga yawancin mutane. Uku kuwa sai in rukunin yana da wadatattun filaye masu ba da launi biyu, kuma kana da su. Lissafin da Frank Karsten, ƙwararren ɗan wasa kuma masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, ya yi ya nuna cewa katin da kake son saukewa a zagayen farko yana buƙatar kusan fili 14 masu ba da launinsa, wanda kuma yake neman launi ɗaya sau biyu a zagaye na biyu, irin Counterspell mai shuɗi biyu, yana buƙatar wajen 20. Ka ga ke nan mai fili 24 da ya raba su 12 da 12, sannan ya cika damin da katuna masu neman launinsu sau biyu ta kowane ɓangare, ya haƙa wa kansa rami. Mafita ita ce a ɗauki launi ɗaya a matsayin uwa, ɗayan ya zama ɗan rakiya mai katuna kaɗan, masu neman launinsu sau ɗaya, waɗanda ba a gaggawar sauke su. A kuma lura da filayen da suke shigowa a kwance, waɗanda ba sa aiki sai zagaye na gaba. Mai kange hanya zai iya haƙuri da su, amma ga mai farmaki kowane ɗaya zagaye ne ya salwanta.

Mataki na shida: makaman kariya da ribar kati

Abokin karawa ma da tasa dabarar ya zo, don haka dami yana buƙatar katunan da za su kashe halitta, ko su soke sihiri, ko su fizge kati daga hannunsa kamar yadda Duress yake yi. Yawansu ya danganta da dabara, amma ka fifita mai aiki biyu. Abin da ya ɗaukaka Lightning Bolt ke nan: in akwai halittar da ta tare hanya ya kashe ta, in babu ya tafi kai tsaye kan abokin karawa, bai taɓa zama a hannu a banza ba.

Sai batun ribar kati, wanda Brian Weissman ya shahara da shi a tsakiyar shekarun 1990. Ma'anarsa ita ce kati ɗaya naka ya ci biyu ko uku na abokin karawa, ko ya jawo maka biyu daga dami. Wanda ya share halittu uku da kati ɗaya ya ci ribar biyu, kuma in wasa ya yi tsawo, mai kati a hannu shi ke da magana. Mai farmaki bai cika damuwa da wannan ba, domin shi lokaci yake saye da katunansa.

Mataki na bakwai: katunan ko-ta-kwana

Karawar gasa wasa uku ce, wanda ya ci biyu ya yi nasara, kuma bayan wasan farko kowa yana da damar musanya katuna daga 15 ɗinsa na gefe. Idan aka lura, wasannin da ake yi bayan musanya sun kai ko sun fi waɗanda ake yi kafinta yawa, amma sai ka ga mutum ya kwana bakwai a kan 60 ya ba 15 minti biyar. Hanyar da ta dace ita ce ka rubuta damuna huɗu ko biyar da aka fi zuwa da su a rukuninka a wannan lokaci, a gaban kowanne ka rubuta katunanka da ba su da amfani a kansa, sannan ka nemi masu maye gurbinsu daidai da wannan adadi. Idan katuna uku ne kawai za su fita, ba ka da dalilin tanadar bakwai domin wannan karawa. Ka fi ba da wuri ga karawar da kake faɗuwa da ƙyar, wadda kati biyu ko uku za su iya juya ta. Wadda kake ci ko yaya ba ta buƙata, wadda kuma ba ka da bege a kanta sai ka bar ta, ka yi fatan kada ku haɗu. Kada kuma musanya ta yi yawa har ta rushe jimlar nan ta mataki na biyu.

Mataki na takwas: gwaji

Kada ka sayi komai tukuna. Ka rubuta sunayen katunan a ƴan takardu, ka saka su cikin rigar kati, wato ƴar ledar da ake zura kati a ciki, a kan tsofaffin katuna, ka gwada da su a gida, ko ka gwada a manhajar Magic Arena idan rukunin yana can. Da farko ka yi wasa kai kaɗai: ka cakuɗa, ka ɗauki 7, ka buga zagaye biyar, ka maimaita sau 20, kana lura da zagayen da kake gama wasa da kuma yawan lokacin da launi ya ƙi zuwa. A nan ne kuma za ka koyi hannun da ake riƙewa da wanda ake mayarwa. Tun 2019 dokar mayar da hannu ita ce ka sake ɗaukar 7, sannan ka tura kati ɗaya ƙasan dami a kan kowace mayarwa da ka yi. Hannu mai fili ɗaya ko mai shida galibi mayarwa ake yi, ko da sauran katunan suna da daɗin kallo.

Bayan haka ka nemi abokin gwaji wanda ya fi ka ko kuke daidai, ya riƙe damunan da ka lissafa, ku buga da musanya da kuma ba musanya, kuna karɓa-karɓa wajen fara wasa. Ka riƙa rubuta sakamako, da katin da ya mutu a hannunka ba ka sauke ba, da wanda duk lokacin da ya zo ka ji sanyi a rai. Wasa uku ba sa nuna komai, domin sa'a tana da hannu a wannan wasa, kuma wanda yake sauya dami duk lokacin da ya faɗi ba zai taɓa sanin abin da yake aiki ba. Ka sauya kati biyu ko uku a lokaci guda, ka sake buga wasanni masu yawa kafin ka yanke hukunci. A kowace karawa kuma ka tambayi kanka tambayar da Mike Flores ya shahara da ita tun 1999, wato wane ne mai kai hari a tsakaninku. Damuna biyu na farmaki in sun haɗu, dole ɗaya ya koma tsaron gida, kuma wanda ya kasa gane matsayinsa yakan ɗora laifin a kan katunansa alhali damin lafiyarsa ƙalau.

Sai jerin ya zauna sannan ka sayi katunan, kuma ka saye su ɗai-ɗai da sunansu. Buɗe fakiti a rufe da fatan samun kwafi 4 na kati guda hanya ce mai tsawo da tsada. Ka fara da filaye masu launi biyu idan rukuninka ba irin Standard ba ne da tsofaffin katuna suke fita, domin su za su bi ka zuwa wani damin.

Ana gobe gasa ka ƙirga katunan sau biyu, 60 da 15, ka rubuta jerinsu daidai da abin da ke cikin akwati, domin a manyan gasa saɓani tsakanin takarda da dami yana iya jawo a ba abokin karawarka wasa kyauta. Ka duba rigunan katin, su zama iri ɗaya, marasa tabo ko lanƙwasa da za a iya gane kati da ita ta baya, ka kuma riƙe ƴan ƙari saboda wadda za ta yage. Takardar da ka rubuta tsarin musanya a kai ka sa ta cikin akwatin, an yarda a duba ta tsakanin wasa da wasa. Bayan kowace karawa ka mayar da katunan ko-ta-kwana wurinsu kafin ka tashi daga tebur, domin wasan farko na karawa ta gaba dole a fara shi da ainihin 60 ɗin da ka yi rajista da su.